ASIBITI DA ASIBITOCI: TARIHIN YADDA MASANA SUKA KALLI TSARIN SAUTI

Darasinmu na yau ya ɗan karkata zuwa tarihi, amma da wata 'yar tambaya za mu fara.

Furta kalmar "asibiti". Yanzu furta jam'inta, "asibitoci". Daga ina wannan c ɗin ta fito? In ka zauna a aji huɗu na sakandare, nan take za ka ce ai ganɗantawa ce: t takan koma c idan wasalin i ko e ya biyo bayanta, kamar mota da motoci, ko sata da sace. Madalla. To amma sake duba tilon. A "asibiti" ga t, ga i a bayanta, kuma ba Bahaushen da yake cewa "asibici". Haka kwamiti da kwamitoci. A kalma ɗaya doka ta yi aiki a nan, ta ƙi yi a can.

Da yawa daga cikinmu mun haddace naso da ganɗantawa da leɓantawa ne don jarrabawa, kamar wasu hukunce-hukunce da suka faɗo daga sama. Alhali kowane ɗaya daga cikinsu ragowar wata muhawara ce da masana suka shafe shekaru suna tafkawa. Bari mu bi mazahabobin ɗaya bayan ɗaya, mu riƙa ajiye wa kowace wannan kalma ta asibiti, mu ga abin da za ta ce.

TUN KAFIN TURAWA

Nazarin sauti ya girmi jami'o'in Turai nesa ba kusa ba. A Indiya, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Panini ya tsara nahawun harshen Sanskrit cikin gajerun dokoki kusan 4000, kuma da dama daga cikinsu bayani ne kan yadda sauti kan canza idan ya haɗu da maƙwabcinsa.

A Basra kuwa, cikin ƙarni na 8 Miladiyya, Khalil ɗan Ahmad ya jera ƙamusunsa Kitabul Aini bisa mafitar haruffa, ya faro daga maƙogwaro ya gangaro zuwa leɓɓa. Almajirinsa Sibawaihi ya rufe littafinsa da babin idgami. In ka yi tajwidi ka san iƙlabi, inda nunun da ke da ɗauri kan koma mimun a gaban ba'un. Wannan shi ne dai abin da bakinka yake yi idan ka ce "gidan Bala", aka ji kamar "gidam Bala". Ka ga ke nan naso ba baƙo ba ne a wurin wanda ya yi makarantar allo.

MASU TAMBAYAR "DAGA INA?"

A ƙarni na 19 masana harshe na Jamus sun duƙufa kan tarihi. Jacob Grimm, a 1822, ya nuna cewa wasu baƙaƙe sun canza bisa tsari tsakanin tsofaffin harsuna irin su Latin da harsunan dangin Jamusanci. Daga baya, cikin shekarun 1870, wasu matasan malamai a birnin Leipzig suka ƙara gishiri, suka ce dokar canjin sauti ba ta da togaciya: duk inda ka ga kalma ta kauce, to akwai dalili, ko dai aro ce, ko an kwaikwayi wata kalmar, ko wata dokar ce ta gitta.

Wannan tunani ya iso ga Hausa ta hannun August Klingenheben na Hamburg. A maƙalarsa ta 1927/28 ya nuna abin da ya faru da baƙaƙen da suka zo a ƙarshen gaɓa, kuma har yau da sunansa ake kiran dokar. 'Yan hanɗa irin su k sun koma u, shi ya sa muke da talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane. 'Yan hanƙa irin su t sun koma r, shi ya sa tilon fatake ya zama farke. 'Yan leɓɓa ma sun koma u, amma a karin harshen gabas kawai: Bakano ya ce sauka, zauna, aure, auduga, Basakkwace ya ce sabka, zamna, amre, abduga. Saboda haka idan ka ji wani yana yi wa Sakkwatanci dariya wai ya lanƙwasa Hausa, ka gaya masa a wannan wurin dai Sakkwato ce ta riƙe tsohon furuci.

Me wannan mazahaba za ta ce game da asibiti? Za ta ce kalmar baƙuwa ce, ta shigo bayan dokar ta gama cin kasuwarta. Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce. Kalmar lokaci tsohon aro ce daga Larabci, kuma t ɗinta ta koma c, sai a jam'i take sake bayyana: lokuta. Amma tebur da titi da tikiti da siminti, da suka zo da Turawa, ba abin da ya taɓa su. Sai dai amsar ta tsaya a rabin hanya. In dokar ta mutu kafin zuwan asibiti, wa ya sa c a asibitoci? Ai bayan zuwan kalmar aka ƙera jam'in.

MASU TAMBAYAR "ME YAKE BAMBANTA MA'ANA?"

Wani masani ɗan ƙasar Poland, Baudouin de Courtenay, da ya koyar a Kazan ta Rasha tun daga 1875, yana cikin na farko da suka raba sautin da baki ke fitarwa da sautin da mai magana ke nufi. Littafin Ferdinand de Saussure, da ɗalibansa da abokan aikinsa suka fitar a 1916 bayan mutuwarsa, ya ƙara da cewa a nazarci harshe yadda yake a yau, a matsayin tsari, a ajiye tarihi gefe. A kan wannan harsashi aka kafa ƙungiyar masana ta birnin Prague a 1926. Jigonta a fagen sauti shi ne Nikolai Trubetzkoy, wanda babban littafinsa ya fito a 1939, shekara guda bayan mutuwarsa. A Amurka ma Edward Sapir da Leonard Bloomfield suna kan makamancin wannan aiki.

Daga nan muka gaji ƙwayar sauti da zubin kamantau. Hanyar mai sauƙi ce: nemo kalmomi biyu da komai nasu ɗaya ne in ban da sauti guda. Kafa da ƙafa sun tabbatar da cewa k daban, ƙ daban. Gari na mutane da gari na tuwo sun nuna cewa tsawon wasali ma yana raba ma'ana. Kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, karin sauti ne kaɗai ya raba su.

Kada ka ɗauka wannan surutun malamai ne kawai. Rubuce-rubucen Turawa na farko-farko ba su bambanta k da ƙ ko d da ɗ yadda ya kamata ba. Sai a shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa suka samu gindin zama a boko, a zamanin da ƙamusun Bargery ya fito, wato 1934. A 1941 kuma Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano, ya buga maƙala kan matsalolin tsarin sautin Hausa da irin wannan ido. Duk wanda yake rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" saboda ganda, yana rushe aikin da aka sha wuya kafin a gina.

Trubetzkoy ya lura da wani abu kuma: bambancin da ke aiki a wani muhalli yakan ɓace a wani. M da n ƙwayoyin sauti ne mabambanta a farkon gaɓa. Amma a ƙarshen gaɓa, kafin wani baƙi, ɗan hancin yakan bi mafurtar abin da ke gabansa ne kawai. Furta gidan Bala, gidan Talatu, gidan Kande, ka lura da inda harshenka da leɓɓanka suke zuwa. Furuci uku ne, amma ƙa'idar rubutu ta ce n za ka rubuta a duka ukun, domin nasaba ɗaya ce.

To, asibiti fa? Wannan mazahaba za ta ce t da c ƙwayoyin sauti ne masu zaman kansu, ga shaida: tura da cura, kamar yadda sa (bijimi) da sha suka raba s da sh. Don haka ba laifi t ta zo kafin i. Ta wanke tilon ke nan. Amma dangantakar mota da motoci sai ta tura ta wani ɗaki daban, tsakanin tsarin sauti da ƙirar kalma, ta jera misalai ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba.

WATA MURYA DAGA LANDAN

J. R. Firth, a maƙalarsa ta 1948, ya ce an cika yanka magana gunduwa-gunduwa kamar tsire. Wasu siffofin sauti, in ji shi, suna shimfiɗuwa ne a kan gaɓa ko kalma gaba ɗaya. Jack Carnochan ya yi amfani da wannan hanya a kan Hausa cikin shekarun 1950, ya yi rubutu kan baƙaƙe masu hamza da kuma baƙaƙe masu ɗauri.

Ga ribar da za ka ci a nan. A saiwar kalma ta asalin Hausa, biyu mabambanta daga cikin ɓ, ɗ, ƙ da ts ba sa haɗuwa. Iri ɗaya yana iya maimaituwa, kamar ƙoƙo da tsatsa. Shi ya sa muke da kuɗi, baƙi, ɗauka, ɗinki, kuɓewa, tsinke. In ka ga an rubuta "ƙuɗi" ko "ɗauƙa", kuskure ne. Kalmomin aro irin su ɗariƙa ne ke tsallake wannan shinge.

ZAMANIN DOKOKI

Roman Jakobson, abokin aikin Trubetzkoy, ya isa Amurka a 1941 saboda yaƙi. Shi da Gunnar Fant da Morris Halle suka fitar da wani aiki a 1952 da ke cewa ita kanta ƙwayar sauti dami ce ta ƙananan siffofi: mai ziza ko marar ziza, ɗan hanci ko ɗan baki, da sauransu. Halle ɗin nan shi ya haɗu da Noam Chomsky suka wallafa The Sound Pattern of English a 1968, littafin da ya juya akalar fannin baki ɗaya.

Tambayarsu ita ce: me ke cikin kan mai magana? Suka ce kowace kalma tana da ƙirar ɓoye da ƙirar sarari, kuma dokoki ne, a jere ɗaya bayan ɗaya, suke ɗauko ta daga ɓoye zuwa sarari.

Gwada da Hausa ka sha mamaki. Taga, tagogi. Ƙofa, ƙofofi. Hanya, hanyoyi. Ka ga tsarin: a ɗauki saiwa, a sa o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i. To mota ya kamata ta ba da "mototi". Wannan ita ce ƙirar ɓoye. Sai dokar ganɗantawa ta zo ta mayar da ita motoci. Dole maimaita baƙi ya riga ganɗantawa, in ba haka ba ba ta da abin da za ta kama. Haka matacce da matattu, fasasshe da fasassu: baƙi ɗaya ne a ɓoye, wasalin ƙarshe ne ya raba su. Dubi reshe da rassa, rasa da rashi, kaza da kaji, ɓarawo da ɓarayi, ƙasa da ƙasashe. Doka guda ta tattara abin da a da sai an haddace shi jeri-jeri. Siffofin Jakobson kuma suka bayyana dalilin da ya sa i da e ne ke jawo abin: wasulan gaba ne, harshe na ɗagawa wajen ganɗa yayin furta su.

Amma ƙarfin ra'in ya zama rauninsa. Tunda an ba ka damar ƙirƙiro ƙirar ɓoye, ina za ka tsaya? Masu kwatanta harsunan dangin Cadi sun nuna cewa asalin kalmar "ci" shi ne "ti". Shin sai mu ce yaron Kano ɗan shekara uku yana da "ti" a ɓoye cikin kansa, alhali bai taɓa jin ta ba? Paul Kiparsky ya ta da irin wannan tambaya tun a 1968. Kuma dokar, yadda aka rubuta ta, za ta afka wa asibiti ta mayar da ita "asibici".

Kiparsky ɗin ne ya kawo gyara a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Ya lura cewa a harsuna da dama akwai dokokin da ba sa aiki sai a inda aka yi ɗori, wato inda ɗafi ya haɗu da saiwa. Ka ga amsar da muke nema ta fara fitowa. A asibiti, "ti" haka ta zo da ƙafarta, ba ɗori. A asibitoci kuwa Bahaushe ne ya ɗora i a bayan t da kansa, sai dokar ta farka. Haka ofis da ofisoshi.

LOKACIN DA HARSUNAN AFIRKA SUKA YI GARDAMA

Littafin 1968 ya ɗauki magana a matsayin layi guda na sautuka, kowane da siffofinsa a jikinsa. Karin sauti ya ƙi shiga wannan buhu, kuma harsunan Afirka ne suka fi tona asirin. William Leben, a kundin digirinsa na uku na 1973, ya kafa hujja da harsuna irin su Hausa da Mende na Saliyo cewa karin sauti yana da 'yancin kansa. John Goldsmith ya faɗaɗa wannan a 1976: sautuka a layinsu, karin sauti a nasa layin, da igiyoyi masu haɗa su.

Ga misali daga bakinka. "Kada" tana da gaɓa biyu, ta farko sama, ta biyu ƙasa. Idan ka gajarta ta ka ce "kar", wasalin ƙarshe ya tafi, d ta koma r kamar yadda Klingenheben ya faɗa. Amma karin ƙasan bai bi wasalin ba. Ya maƙale a gaɓar da ta rage, shi ya sa "kar" take da karin faɗau. Ashe faɗau ɗin da muke koyarwa a matsayin kari na uku, sama ne da ƙasa suka taru a gaɓa ɗaya.

A daidai wannan zamani gaɓa ma ta dawo da martabarta. Paul Newman, wanda ya yi aiki a Kano, ya fitar da maƙala a 1972 kan nauyin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ita ce marar nauyi, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi, wasali, baƙi. Biyun ƙarshe su ne masu nauyi. Faɗau ba ya hawa sai kan mai nauyi, domin kari biyu na buƙatar wurin zama biyu. Jam'i ma yana duba nauyi. Wuri da damo gaɓarsu ta farko ba nauyi, sai a maimaita baƙi: wurare, damame. Kifi da zomo dogon wasali gare su, sai y ta shigo: kifaye, zomaye. Birni da jirgi kuwa a ratsa tsakiya: birane, jirage. Marubuta waƙoƙinmu sun daɗe suna auna baiti da wannan nauyi, bisa arulin da Khalil na Basra ya tsara.

MASU TAMBAYAR "DON ME?"

Dubi waɗannan: kai amma kansa, rai amma ransa, mai amma man shanu. Dogon wasalin gida ma yakan gajarce a "gidan". Sannan dubi direba, burodi, filasta, firamare, inda aka saƙala wasalin da babu shi a Turanci. Mai bin dokoki zai rubuta doka ɗaya ta gajartawa, wata ta shafewa, wata ta saƙalawa, ya wuce. Amma kai ma ka ga duk gida ɗaya suke yi wa aiki: kada gaɓa ta fita daga sifofin nan uku.

Wannan ne ya haifar da ra'in da Alan Prince da Paul Smolensky suka gabatar a 1993, wanda za mu iya kira ra'in fifiko. Suka ce a bar jera dokoki. Akwai sharuɗɗa ne da duk harsunan duniya suka yi tarayya a kai, kuma suna karo da juna. Wani ya ce kada gaɓa ta fara da baƙi biyu. Wani ya ce kada a ƙara abin da babu. Wani ya ce kada a zubar da abin da ke akwai. Ba yadda za a yi a gamsar da su duka, don haka kowane harshe yana da nasa jerin fifiko. Hausa ta fifita sharaɗin farko a kan na biyu, sai ta ce direba. Turanci ya juya jerin, sai ya bar baƙaƙensa a cunkushe.

Bayani ne mai daɗi, musamman a kan kalmomin aro. To kawo masa asibiti. In sharaɗin da ya hana "ti" ne a sama, sai mu samu "asibici". In sharaɗin da ya ce a bar sauti yadda yake ne a sama, sai mu samu "asibitoti". Ko ta ina aka juya, ɗaya ta lalace. Sai da mabiya ra'in suka yi masa ƙare-ƙare kafin ya iya ɗaukar irin wannan kaya.

TO WACE CE DAIDAI?

Ka lura cewa ba wadda ta binne 'yar'uwarta. Kowace ta zo da tambayarta ne, kuma ta fi kowa iya amsa ta. In kana son sanin dalilin da ya sa Sakkwato da Kano suka saɓa, ko alaƙar farke da fatake, wajen masu tarihi za ka. In maganar ƙa'idar rubutu ce, ƙwayar sauti ce alƙali. In kana son fahimtar jam'i da sarrafa aikatau, ƙirar ɓoye da dokoki sun fi saurin kai ka. Karin sauti sai da layuka. Hausantar da baƙin kalmomi kuwa, ra'in fifiko ya fi haska shi. Littattafan da muke karantawa a makarantu, irin na Farfesa Mu'azu Sani Zariya, in ka duba da kyau za ka ga ƙwayar sauti da zubin kamantau suna zaune kafaɗa da kafaɗa da dokokin naso da ganɗantawa, alhali daga gidaje daban-daban suka fito.

Abin da nake so ka ɗauka shi ne, duk lokacin da aka ba ka doka, ka nemi kalmar da ta ƙi bin ta. Kada ka ɓoye ta don tsoron malami. Irin waɗannan kalmomi masu taurin kai su ne suka riƙa tura fannin gaba tun daga Leipzig har zuwa yau.

Ga aikin gida. Ɗauki waɗannan: gida da gidaje, fita da fice, zobe da zobba, juji da jibaje, bawa da bayi. A kowane ka faɗi mene ne baƙin asali na saiwar, wace doka ce ta yi aiki, kuma wace mazahaba ce ta fi ba ka gamsasshen bayani. Juji da jibaje sai ka natsu, domin doka fiye da ɗaya ce a ciki.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mun haɗu a darasi na gaba.